Kafin Ka Yanka Ko Firam Ɗaya: Yadda Ake Saita Tsarin Fim da Taimkod a Rumbun Bayanai

Idan ka ɗaga nagatif ɗin fim mai faɗin milimita 35 wajen haske, ka duba can bakin gefe bayan layin huji, za ka ga wasu 'yan mitsi-mitsin haruffa da lambobi, kamar a ce KJ 29 1234 4512, ga ɗan ɗigo kusa da su. Ba wanda ya rubuta su a wurin ɗauka. Tun daga masana'anta aka buga su da haske, ba sa fitowa sai an wanke fim ɗin. Kodak ce ta fito da wannan tsari a 1990 da sunan Keykode, ta haɗa lambobin da zanen layuka wanda na'ura ke iya karantawa. Harafin farko na kamfanin da ya ƙera fim ɗin ne, na biyu na nau'insa, lambobi shida na gaba su ne shaidar naɗin, huɗun ƙarshe kuwa ƙidaya ce da ke ƙaruwa da ɗaya-ɗaya har naɗin ya ƙare. Firam ɗin da ɗigon ya faɗa a kansa shi ne sifili, daga shi ake ƙirga na gaba: 4512+01, 4512+02, haka dai.

To amma kai mai tacewa ba nagatif kake taɓawa ba. Bidiyo ne a gabanka, shi kuma da taimkod yake ƙirga nasa hotunan: awa, minti, sakan, firam. Ƙidaya biyu ke nan da ba sa jin yaren juna, ɗaya tana auna tsawo da ƙafa, ɗaya tana auna lokaci. Rumbun bayanai shi ne tafinta a tsakaninsu. Idan ka gama tacewa, shi zai ce wa mai yanka nagatif ko mai sikanin, wato mai kwafe hotunan fim zuwa kwamfuta: hoton da ya fara a 01:04:10:12 na kaset na uku, a naɗi kaza yake, daga lamba kaza da firam kaza. Tafintan nan kuwa bai san komai ba sai abin da ka faɗa masa a ranar farko.

Zan yi misali da Cinema Tools, manhajar da Apple ta fitar a 2002 bayan ta sayi wata mai suna FilmLogic, ta riƙa zuwa tare da manhajar tace bidiyo ta Final Cut Pro har zuwa 2011 da aka daina haɓaka ta. Na zaɓe ta ne domin ta ware tambayoyi huɗu da rumbu ke buƙatar amsarsu, wato nau'in fim, taimkod ɗin bidiyo, taimkod ɗin sauti da gudun da aka juye fim zuwa bidiyo, a fili a taga ɗaya, ba ta ɓoye komai ba. Amma tambayoyin ba su mutu tare da ita ba. Avid Media Composer, wata manhajar tacewa, yana yi maka irinsu lokacin buɗe sabon aiki na fim, kuma duk wanda wata rana zai zauna gaban tsofaffin gwangwanayen fim irin waɗanda ke ajiye a ma'adanar fina-finai ta ƙasa da ke Jos, sai ya amsa su.

Mataki na farko: kada ka buɗe manhajar tukuna

Abin da nake so ya zauna maka shi ne, waɗannan saituna ba zaɓi ba ne. Ba ra'ayinka ake tambaya ba. Labarin abin da ya riga ya faru ake so ka ba da: da wane fim aka ɗauka, da wane gudu aka juye shi zuwa bidiyo, da wace ƙidaya aka yi wa kaset lamba, da wace aka naɗi sauti. Duk an yi an gama kafin kayan su iso teburinka. Saboda haka aikin farko na takarda ne. Ka nemo rahoton kyamara daga mataimakin mai ɗaukar hoto, rahoton sauti daga mai naɗar sauti, da rahoton ɗakin wanke fim tare da fayil ɗin telesini, wato na'urar da ke juye fim zuwa bidiyo. Fayil ɗin yakan zo a tsarin FLEx, ko ALE na Avid, ko ATN na Aaton. Ka kuma roƙi a ƙona maka lambobi a jikin hoton bidiyon: taimkod ɗin bidiyo a kusurwa ɗaya, lambar gefen fim a ɗaya, taimkod ɗin sauti a wata. Wasu daraktoci ba sa son ganin lambobi sun rufe musu ƙasan hoto. Ka lallashe su. Ranar da lissafi ya rikice, waɗannan lambobin ne kaɗai shaidar da ba ta bi ta cikin rumbunka ba.

Idan takardu biyu suka saɓa wa juna, ɗaga waya ka tambaya. Kada ka yi canke.

Mataki na biyu: nau'in fim

Ka buɗe manhajar, ka zaɓi ƙirƙirar sabon rumbu. Gurbi na farko shi ne wanda aka rubuta wa Film Standard, kuma zaɓi uku ne a ciki: 35mm mai huji huɗu, 35mm mai huji uku, da 16mm mai lamba 20.

Abin da gurbin ke tambaya a zahiri shi ne: firam nawa ne tsakanin lambar gefe ɗaya da mai bi mata? A fim ɗin 35mm, huji 64 ne a kowace ƙafa, kuma lambar tana sauyawa ƙafa-ƙafa. Idan kyamara tana jan huji huɗu a kowane firam, wanda shi ne tsarin da aka gada tun farkon sinima, firam 16 ke nan a ƙafa. A gudun firam 24 a sakan, minti ɗaya yana cin ƙafa 90, naɗi mai ƙafa 1000 kuma ya ba ka minti 11 da 'yan sakanni. Wannan lissafi ne mai tsabta, bayan +15 sai sabuwar lamba.

Mai huji uku shi ne mai wuyar sha'ani. Masu shirya fim suna son sa don yana rage cin fim da kashi ɗaya cikin huɗu, ƙafa 67 da rabi a minti maimakon 90. Sai dai 64 ba ta rabuwa da uku. Ƙafa ɗaya tana ɗauke da firam 21 da sulusi, don haka sai an yi ƙafa uku cur, firam 64, kafin ɗigon ya dawo inda ya faro: ƙafa biyu masu firam 21, ɗaya mai 22. Shi ya sa a wannan tsari bai isa ka san lamba da firam ba, sai an ƙara sanin a kan wane huji ne na firam ɗin ɗigon ya sauka, na ɗaya ko na biyu ko na uku. Fayil ɗin telesini mai kyau yana zuwa da wannan bayani. Idan naka bai zo da shi ba, ka mayar a gyara, kada ka cike da hannu.

Na 16mm kuwa firam 40 ne a ƙafa, amma lambar tana sauyawa kowace rabin ƙafa, wato firam 20. Ga ma'anar 20 ɗin da ke jikin sunan. Nan ne sabon shiga kan yi tuntuɓe, ya ɗauka lambar tana ƙirga ƙafa kamar a 35mm, alhali a minti ɗaya na ƙafa 36 lamba 72 ce za ta wuce.

Abin da ka zaɓa a nan shi ne zai zama na kowane sabon shafi a rumbun, wato bayanin kowane hoto da aka ɗauka. Idan fim ɗin ya gauraya, a ce yawancinsa 35mm ne amma an ɗauki wasu fitowa na tuna baya da 16mm, ka saka mafi yawa a nan, sauran ka gyara su shafi-shafi a tagar Detail View.

Mataki na uku: gudun telesini

A tagar, wannan gurbi ne na ƙarshe, amma ni nakan cike shi kafin na taimkod, domin sai ka san yadda aka juye fim kafin ƙidayar bidiyon ta yi maka ma'ana. Matsalar ta samo asali ne daga cewa fim na tafiya da firam 24 a sakan, talabijin kuwa ba ya yin haka a ko'ina. Ƙasashen da wutar lantarkinsu ke kaɗawa sau 50 a sakan sun ɗauki firam 25: Ingila, Jamus, da Najeriya a tsarin PAL, Faransa da Nijar a tsarin SECAM. Amurka mai 60, da Japan da ta bi tsarinta, sun ɗauki 30, wadda ta koma 29.97 a 1953 da aka shigo da launi cikin tsarin NTSC. Dole a san yadda za a cusa 24 cikin waɗannan.

A ɓangaren 25, hanyar da ta fi yawa ita ce a ƙara wa fim ɗin gudu kawai, a juya shi da firam 25 a sakan. Kowane firam na fim ya samu firam ɗaya na bidiyo, babu ragi babu ƙari. Kuɗin da ake biya shi ne sauri na kusan kashi 4 cikin 100: fim mai minti 90 zai koma minti 86 da sakan 24, muryoyi su ɗan yi sama. Idan haka aka yi maka, 25 za ka zaɓa. A ganina wannan ce hanya mafi aminci ga mai rumbu, domin ɗaya-da-ɗaya ce, kuma duk inda lissafi ya kauce nan take za ka gani. Akwai wata hanyar da ake barin fim a gudunsa na 24, a riƙa cusa rabin firam ɗaya bayan kowane firam 12 don a cike 25. Sauti yana zama daidai a wannan, amma dangantakar ɗaya-da-ɗaya ta lalace. Ka tabbatar da wadda aka bi, domin kaset ɗin duka biyun 25 zai nuna maka.

A ɓangaren 29.97 labarin ya fi tsawo. Kowane firam na bidiyo rabi biyu ne da ake saƙa su layi-layi. Sai a ɗauki firam huɗu na fim, a kira su A, B, C, D, a shimfiɗa su a kan rabi goma: A ya ci biyu, B uku, C biyu, D uku. Abin da zai fito firam biyar ne na bidiyo: AA, BB, BC, CD, DD. Ka lura da na uku da na huɗu, kowanne hotuna biyu ne daban a cakuɗe. Ana kuma rage gudun fim ɗin da kashi ɗaya cikin 1000, ya koma 23.976, don ya dace da 29.97. Idan wannan aka yi, 24 za ka zaɓa a gurbin, ko da yake ainihin gudun ya ɗan gaza haka. Zaɓin 30 na fim ne da aka juye firam-da-firam zuwa NTSC, kamar wasu tallace-tallace da ake ɗauka da gudun 30 tun daga kyamara. Ba kasafai za ka gamu da shi a fim mai labari ba.

Firam A shi ne ginshiƙi, domin shi kaɗai ne ya cika firam ɗaya na bidiyo cif ba tare da ya tsallaka cikin wani ba. Al'adar ɗakunan telesini ita ce a huda rami a wani firam a farkon kowane naɗi, a dasa shi a matsayin A a kan taimkod mai zagayayyiyar lamba, kamar 01:00:00:00. Daga nan rumbu ke fara ƙirgarsa.

Mataki na huɗu: taimkod ɗin bidiyo

Gurbin Video TC Rate yana ba ka 24, 25, 30 NDF da 30 DF. Na 24 da 25 ba su da wata rigima, abin da ke jikin kaset ko fayil shi za ka saka. Rigimar tana tsakanin biyun ƙarshe.

Bidiyon NTSC yana tafiya da 29.97, amma taimkod ba ya iya ƙirga guntun firam, sai ya ƙirga 30. Idan aka bar shi haka, wato NDF, kowane firam yana da lambarsa a jere ba tsallake, amma agogonsa zai riƙa ja baya da sakan 3.6 a kowace awa, firam 108 ke nan. Gidajen talabijin ba za su lamunci haka ba, tunda da sakan suke sayar da lokaci. Sai aka ƙirƙiro DF: a farkon kowane minti a tsallake lamba 00 da 01, ban da minti na goma-goma. Hoto ko ɗaya ba a zubarwa, lambobi ne kawai ake ƙetarewa. Alamar da za ka gane shi ita ce waƙafi mai ɗigo kafin lambar firam, 01:00:00;00, a maimakon ɗigo biyu.

Don aikin fim, NDF ake nema, kuma dalilin a bayyane yake. A NDF firam A yana faɗowa a kan lambar da ta ƙare da 0 ko 5 tun daga farkon kaset har ƙarshensa, ko da ido kana iya bin sa. A DF kuwa tsarin yana gocewa da biyu kowane minti. Amma ka tuna ƙa'idar farko: idan an riga an yi kaset da DF, DF za ka rubuta, ko ba ka so.

Na taɓa karɓar kaset shida na aiki ɗaya, takardar da ta rako su ta ce duk NDF ne, na yarda da ita na shigar. Biyar sun zauna lafiya. Na huɗu kuwa a farkonsa lambobi sun dace, a minti na biyu sun kauce da firam ɗaya ko biyu, na ce ƙila idona ne. Da na je wajen minti na goma sai na ga rumbu yana faɗin wata lamba, hoton yana nuna wata, tazarar ta kai firam 14, kusan ƙafa guda. Sai da na matsa fuskata kusa da allo sannan na ga ɗan wutsiyar waƙafin nan a gaban lambar firam. Wani ne ya sauya na'ura a daren da aka juye naɗin, ba a gyara takarda ba. Lissafin kuwa bai ɓoye ba: lamba 18 ake tsallakewa a minti goma, kashi huɗu cikin biyar ɗinsu firam 14 ne na fim da ɗoriya. Kuskuren da ke girma sannu a hankali haka, kusan kullum rikicin DF da NDF ne.

Mataki na biyar: taimkod ɗin sauti

Wannan gurbi gajere ne, amma kada ka kwafi amsar bidiyo ka liƙa masa. Sautin fim a na'ura daban ake naɗarsa, da nata agogon, kuma ba dole ba ne ƙidayarta ta zo ɗaya da ta kaset. Ana iya samun bidiyo mai 24 da sauti mai 30 NDF a aiki ɗaya. Rahoton sauti ne zai faɗa maka, idan kuma fayilolin sauti ne na tsarin BWF, ƙidayar tana rubuce a cikinsu.

Abu ɗaya da ke rikita mutane: wannan saiti yana faɗa wa rumbu yadda zai karanta lambobin sauti ne kawai, ba ya sauya gudun sautin. Idan an rage gudun hoto zuwa 23.976, dole a rage na sauti daidai da haka, daga samfur 48000 a sakan zuwa 47952, in ba haka ba baki da murya za su rabu da firam ɗaya a kowane sakan 42 ko kusa da haka. Idan kuma hoto ya koma 25, tazarar sakan 2.4 ce a kowane minti, ko makaho zai ji ta. Wannan gyara a telesini ko ɗakin sauti ake yin sa.

Mataki na shida: shigo da fayil, sannan gwaji

Ka ba rumbun suna, ka ajiye, ka shigo da fayil ɗin telesini. Ka sani cewa fayil ɗin yana zuwa da nasa bayanin na nau'in fim da gudu da ƙidaya, kuma nasa ne ke rinjayar wanda ka saka. Saboda haka saitin farko daidai ba ya nufin shafukan sun zama daidai. Buɗe su ka gani. Daga nan ka haɗa kowane shafi da bidiyonsa.

Yanzu gwaji, kuma a nan nake so ka ɓata lokaci. Ɗauki hoto ɗaya daga kowane kaset, ba ɗaya daga dukan aikin ba. Tsaya a farkonsa, ka kwatanta lambar da rumbu ya bayar da wadda aka ƙona a jikin hoton. Sannan ka tafi can ƙarshensa ka sake kwatantawa. Farko kaɗai ba ya tona komai, tunda daga fayil aka kwafo shi. Ƙarshen ne rumbu ya lissafa da kansa.

Kana ma iya yin lissafin da biro. A ce hoto ya fara da 4512+00 a kan 01:00:00:00, ka matsa sakan goma daidai. Idan 35mm mai huji huɗu ne aka juye da 24, firam 240 sun wuce, ƙafa 15 cif, dole ka ga 4527+00. Idan da 25 aka juye, firam 250 ne, sai ka ga 4527+10. Idan 16mm ne a 25, 250 a raba da 20, za ka ga 4524+10. Idan ka ga 4523 da 'yan firam, mai huji uku ne a hannunka. Sakan goma sun isa su faɗa maka wane gurbi ne ya yi ƙarya. Yanayin kuskuren ma yana da magana: wanda ya tsaya a adadi ɗaya daga farko har ƙarshe, wurin farawa ne aka kuskure, ramin da aka huda ko firam A. Wanda ke ƙaruwa da sauri, nau'in fim ne ko gudun telesini. Wanda ke rarrafe da biyu-biyu a minti, ka riga ka san shi.

Mataki na bakwai: daidaita da teburin tacewa

Rumbu mai kyau ba zai cece ka ba idan jerin da kake tacewa a kai yana wani gudu daban. Idan kayanka 29.97 ne, ka cire rabin firam ɗin da aka cusa tun kafin ka fara, da aikin da manhajar ke kira Reverse Telecine, su koma 23.98, wato 23.976 ɗin nan a taƙaice, ka kuma buɗe jerinka a wannan gudun. Idan ka tace a 29.97 kai tsaye, wata rana za ka yanka a kan BC ko CD, firam ɗin da babu shi a nagatif, sai rumbu ya yi kintace, ya ƙara ko ya rage firam ɗaya. Idan kayanka 25 ne amma a sinima za a haska da 24, ka mayar da su 24 kafin tacewa don ka ji ainihin tafiyar fim ɗin, ka bar taimkod ɗinsu na 25 yadda yake. Final Cut Pro na wancan zamanin yana da ƙidayar 24 @ 25 saboda wannan, don jerin yankan ya ci gaba da nuna lambobin kaset na asali.

Tun ran gini ran zane. Ko a manhajar tacewa ta DaVinci Resolve ta yau, da zarar ka zuba kaya cikin aiki, gurbin gudun firam na aikin yakan kulle. Masu tace fina-finan Kano da ke karɓar hoton kyamara mai 25 haɗe da na waya mai 30 sun san wannan ciwon, duk da ba nagatif a hannunsu.

Abu na ƙarshe kafin a fara tacewa: haɗa ɗan jeri na gwaji mai yanka goma ko sha biyu, ka ɗebo daga kaset daban-daban, musamman daga ƙarshen dogayen hotuna. Fitar da jerin yanka daga rumbu, ka buga a takarda, ka bi shi layi-layi kana duba lambar shiga da ta fita a jikin hoto. Sannan ka aika wa mai yanka nagatif ko ɗakin sikanin kwafi, su ɗora naɗi ɗaya ko biyu a kan teburin haske su duba da madubin ƙara girma. Mai yanka da wani irin gam da ake kira siminti yake haɗa fim, kowane haɗi yana cinye firam ɗin da ke maƙwabtaka da shi, kuma wanda aka cinye ba ya dawowa. Idan sikanin ne, kuskuren ƙafa ɗaya na nufin a sake ciro gwangwani, a sake biya. Idan amsarsu ta dawo daidai, ka kwafi rumbun ka ajiye a wuri biyu da kwanan wata a jikin sunansa, ka rubuta saitunan nan huɗu a takarda ka manna a gefen allo, don wanda zai shigar da kayan gobe ya gani.